Na Biya Kafin-alƙalamin Motar Burina, Dila Ya Daina Ɗaga Wayata

Assalamu alaikum. Ni magidanci ne, shekarata 44, da mata ɗaya da 'ya'ya uku. Tun ina saurayi nake da burin mallakar motar gudu, irin 'yar gajeriyar nan mai ƙofa biyu da kujera biyu. Shekara tara na yi ina ajiye kuɗinta a gefe, ban taɓa tauye haƙƙin iyalina saboda ita ba. Wata bakwai da suka wuce na je wurin dilan da kamfanin motar ya amince da shi, na zaɓi launi, na zaɓi mai giyar hannu, na biya kashi 10 cikin 100 a matsayin kafin-alƙalami. Ma'aikacin da ya karɓe ni ya ce in ba su wata huɗu zuwa biyar, za a ƙera ta a kawo. Da farko shi ke kirana ma yana gaishe ni. Daga baya sai na kira sau uku kafin ya ɗaga sau ɗaya. Yanzu sati shida ke nan ko ɗagawar ma babu. Ina ganin alamar ya karanta saƙona, amma ba amsa. Idan na kira ofishinsu sai a ce yana taro, ko a ce za a neme ni, kuma har yau ba wanda ya neme ni. Abin da ke hannuna rasit ne da takardar oda mai shafi biyu. Maiɗakina ta ce in je in karɓo kuɗina tun da sauran mutunci. Ni kuma tsorona biyu: in na matsa musu kada su fusata su ba wani motar, in kuma na janye na koma ƙarshen layi a wani wurin. Ga kunyar abokai, don na riga na faɗa musu, kullum sai an tambaye ni ina mota. Barci ma ya fara gagarata. Don Allah a ba ni shawara.

Daga mai jiran tsammani

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Shekara taran nan da ka ambata su suka fi tsaya mini a rai. Mutumin da ya iya danne zuciyarsa tsawon wannan lokaci, yana ajiya kaɗan-kaɗan ba tare da ya ƙuntata wa gidansa ba, ba mai gajen haƙuri ba ne, don haka kada kowa ya sa ka ji kamar zumuɗi ne ke damunka. Raini ne ke hana ka barci. Ka miƙa kuɗinka da hannunka, sannan an mayar da kai kamar mai bara a ƙofar wanda ke riƙe da su. Duk mai mutunci zai ji zafin wannan, kuma kana da gaskiya da ka ji shi. Roƙona kawai kada zafin ya ja akalarka a 'yan kwanakin nan, domin abin da ke gabanka aiki ne na sanyin kai da takarda.

Akwai abu biyu da suka cakuɗe maka, jinkiri da shiru, kuma ya kamata mu raba su. Jinkiri a cinikin sabuwar motar gudu ba baƙon abu ba ne. Irin waɗannan motoci ba a ƙera su da yawa, kuma sau da yawa masana'anta ɗaya tak ke yi wa duniya baki ɗaya. Porsche 911 daga Zuffenhausen da ke birnin Stuttgart na Jamus take fitowa, Chevrolet Corvette daga Bowling Green a jihar Kentucky ta Amurka tun 1981, Mazda MX-5 kuma daga Hiroshima ta Japan. Idan aiki ya tsaya a wuri ɗayan nan, duk mai jira a ko'ina ya tsaya. A 2021 ƙarancin 'yan ƙananan sassan lantarkin da kwamfutar mota ke aiki da su ya tilasta wa masana'antu da dama rage aiki. A watan Fabrairun 2022 jirgin ruwan dakon motoci mai suna Felicity Ace ya kama wuta kusa da tsibiran Azores na Portugal a tekun Atlantika, ya nutse ranar 1 ga Maris da motoci kusan 4,000 a cikinsa, har da Porsche da Bentley da Lamborghini waɗanda masu su suka daɗe suna zuba ido. A shekarar dai yaƙin Yukiren ya katse wayoyin lantarkin mota da ake haɗawa a can, har wasu masana'antun Jamus suka dakatar da aiki na ɗan lokaci. Duk waɗannan uzurori ne na gaskiya, kuma babu wanda ba za a iya faɗa wa mai saye a waya cikin minti biyu ba. Shi ya sa wata bakwai a maimakon biyar bai tayar mini da hankali sosai ba. Sati shidan da aka yi maka shiru su ne suka dame ni. Shiru ma magana ce, kuma aikinka na farko shi ne ka gano me wannan shirun ke cewa.

Kafin ka gane shi sai ka san yadda sana'ar ke tafiya daga ciki. Wurin da ka je, ko da tambarin kamfanin motar ne a saman gininsa da rigunan ma'aikatansa, a mafi yawan ƙasashe kamfani ne mai zaman kansa, wanda ke sayen mota daga masu ƙerawa ya sayar wa jama'a. Masu ƙerawa kan ware wa kowane dila kaso, wato adadin motocin da za a ƙera masa a wani tsawon lokaci, kuma yawan kason ya fi dogara ne da yawan abin da ya sayar a baya. A motocin yau da kullum wannan ba ya zama matsala. A motocin gudu da ake rububi kuwa, kason kan zama 'yan ƙwayoyi, masu so kuma su ninka shi. To a nan gizo ke saƙar. Dila na iya karɓar kafin-alƙalamin mutum goma alhali gurbi uku ne a hannunsa, yana fatan za a ƙara masa nan gaba. Mutum bakwai ɗin da suka rage kowannensu na gida yana ƙirga kwanaki, yana zaton ana nan ana ƙera motarsa, alhali sunansa bai wuce littafin dila ba.

Don haka idan aka ce an karɓi odarka, maganar na iya nufin abubuwa mabambanta. Tana iya nufin an rubuta sunanka a jerin masu jira kawai. Tana iya nufin an shigar da zaɓinka a kwamfutar masu ƙerawa har an ba shi lambar oda, amma ba a ba shi gurbi ba tukuna. Tana kuma iya nufin an tabbatar da gurbin har an sa satin da za a ƙera motar. Sai ƙira ta matso ko an fara ta mota ke samun lambar shasi, wadda tun 1981 aka daidaita ta a kan haruffa da lambobi 17, babu harafin I ko O ko Q a cikinta don kada a rikita su da 1 da 0. Daga nan sai batun jirgi da tashar da za a sauke ta. Ka ga ke nan tambayar nan ta "yaushe motata za ta iso" tambaya ce mai sauƙin zillewa, kowa zai iya cewa ta kusa. Wadda ba ta da mazillai ita ce: mece ce lambar odata a wurin masu ƙerawa, kuma wane sati aka sa mata? Wanda ke da amsar zai fito da ita daga kwamfutarsa kana tsaye. Wanda ba shi da ita zai fara kame-kame, kuma kame-kamen ma amsa ce.

Bari mu yi wa ma'aikacin nan adalci, ko da shi bai yi maka ba. Yawancin masu sayar da mota kamasho ne babban abin da suke samu, kuma a wurare da yawa kamashon ba ya shiga hannunsu sai ranar da aka miƙa wa mai saye makulli. Kai ka riga ka sa hannu, motarka kuma ba ta zo ba, don haka a lissafinsa awa ɗaya da zai yi da kai a waya awa ce da zai iya sayar wa wani motar da ke tsaye a fili. Wannan ba uzuri ba ne, bayani ne kawai. Yana kuma iya yiwuwa shi ma babu wani labari a hannunsa, ya gaji da maimaita maka cewa ba sabon abu, sai ya zaɓi ɓuya. Ko kuwa akwai labarin amma mara daɗi, ya yi maka alkawarin wata biyar don ciniki ya faɗa, yanzu kunya ta hana shi fuskantarka. Mai yiwuwa ma ya bar aikin, ko an sauya masa sashe, takardarka na kwance a teburin da ba mai kula da shi, domin wannan sana'a ce da ma'aikata ke yawan shiga da fita. Duk waɗannan masu sauƙin gyara ne.

Akwai biyu masu nauyi da ba zan ɓoye maka ba. Na farko, gurbin da aka yi maka alkawari ya zo amma an ba wanda ya ɗora wani abu a kan farashi, ko wani tsohon abokin cinikinsu da ba sa son ɓata wa rai. Abin na faruwa, har ta kai a farkon 2022 kamfanonin Ford da General Motors sun gargaɗi dilolinsu na Amurka kan tsawwala farashin motocin da ake rububi, suka ce mai yin haka na iya rasa kasonsa. Na biyu, wurin na cikin matsin kuɗi, kafin-alƙalaminka ya tafi wajen toshe wata ɓaraka. Wannan shi ne mafi haɗari, domin idan kamfani ya durƙushe, mai kafin-alƙalami galibi yana can baya a layin masu bin bashi, bayan bankuna. Ka duba rasit ɗinka yau ɗin nan: asusun kamfani ka tura kuɗin ko asusun wani mutum? Sunan kamfanin ne a kan rasit ɗin da hatiminsa? Idan asusun ma'aikacin ne ya karɓa, to maganar ta canza gaba ɗaya, gobe da safe ya kamata manajansu ya gan ka, kuma ka nemi lauya a ranar.

Yanzu tsoronka na cewa in ka matsa za su fusata su ba wani motar. Na fahimce shi, amma ka dube shi da kyau. Idan odarka na cikin kwamfutar masu ƙerawa da sunanka, da launin da ka zaɓa, da yarjejeniyar da aka sa wa hannu, tambaya cikin ladabi ba za ta goge ta ba. Idan kuma ba ta ciki, shirun da kake yi ba abin da yake tsare maka, jiran gawon shanu kawai kake. Ta kowace fuska tambaya ba ta jawo maka asara. Abin da na lura shi ne sun ga irin son da kake wa motar nan tun ranar da ka shiga kana shafa ta da ido, kuma so hana ganin laifi ne. Mai sayen da aka tabbata ba zai tafi ba shi ake ajiyewa a ƙarshe, a fara sallamar masu ƙorafi. Ba cewa nake ka rage son motar ba. Ka dai daina nuna musu cewa ba ka da wata mafita sai su.

Daren yau ka zauna da takardar nan mai shafi biyu, ka karanta ta layi-layi har ƙananan rubutun da ke bayanta. Ka ga da wa ka ƙulla ciniki, domin a wasu ƙasashe wasu kamfanoni sun koma sayarwa kai tsaye, dila wakili ne kawai, kuma a irin wannan hali kamfanin ne ke da alhakin kuɗinka. Ka ga ko an rubuta ranar kawowa, ko kuwa wata biyar ɗin a baki kawai aka faɗa. Ka ga me aka ce game da kafin-alƙalami, ana mayarwa ko ba a mayarwa, kuma a wane hali. Yarjejeniyoyi da yawa na ba mai saye damar janyewa idan jinkiri ya wuce wasu kwanaki da aka ƙayyade. Ka kuma duba ko an ɗaure farashi, saboda idan jira ya tsallaka zuwa ƙirar sabuwar shekara farashi kan tashi, kada ranar karɓa a ce sai ka cika. Sannan ka ɗauki hoton duk saƙonnin da ka tura da jerin kiran da ba a ɗaga ba, ka rubuta ranakun a takarda ɗaya. Idan akwai saƙon da ya ambaci wata huɗu zuwa biyar ɗin nan, ka adana shi wuri biyu.

Daga nan ka daina kiran ma'aikacin. Zuwa da kai ya fi aike. Ka je a tsakiyar mako da hantsi, lokacin da wurin ba cunkoso, ka guji ƙarshen mako da kwanakin ƙarshen wata, don a lokacin hankalin kowa na kan cika adadin da aka ɗora masa. Ka tafi da mutum ɗaya mai natsuwa wanda zai zama shaida, ya kuma taɓa ka idan murya ta fara tashi. Kada ka nemi ma'aikacin, ka nemi manajan sashen sayarwa, in ba ya nan ka nemi babban manajan wurin. Idan aka ce yana taro, ka ce ba komai za ka jira, ka sami kujera ka zauna inda ake ganinka. Da kun haɗu kada ka buɗe da zagin yaronsa, domin da ka yi haka zai koma kare gida. Ka ce kai abokin cinikinsu ne, sati shida ba ka ji daga gare su ba, ka zo a nuna maka lambar odarka da matsayinta a kwamfuta, a kuma buga maka a takarda. Ka tambaye shi ko akwai wani abu cikin zaɓinka da ke riƙe odar. Wannan tambaya na da amfani ƙwarai, don wani lokaci launi na musamman ne, ko wata irin kujera, ko ƙafafun da ka zaɓa, ko ma giyar hannun kanta, wadda a wasu motoci kaɗan ake ƙerawa. Idan abu ne da za ka iya haƙura da shi, sauya shi na iya rage maka watanni. Kafin ka tashi ka nemi sunan mutum ɗaya da zai riƙa ba ka labari duk sati biyu, ko da labarin shi ne babu sabon abu.

A ranar, kafin ka kwanta, ka tura imel ga manajan, ka kuma kai kwafi a takarda a buga maka hatimin karɓa. Ba sai ta yi tsawo ba. Misali: "Ranar kaza na biya kafin-alƙalamin mota kaza, aka ce za a kawo cikin wata huɗu zuwa biyar. Yau wata bakwai. Ina neman a aiko mini da lambar odata ta wurin masu ƙerawa da ranar kawowa a rubuce cikin kwana 14. Idan hakan bai samu ba, zan ɗauka cinikin ya warware, kuma ina neman a mayar mini da kuɗina cikakku." Wannan wa'adi yana da nauyi a gaban doka a wurare da dama. A ƙasashen Tarayyar Turai, dokar haƙƙin masu saye ta 2011 ta tanadi cewa idan mai sayarwa bai kawo kaya a lokacin da aka yi alkawari ba, mai saye zai ba shi ƙarin wa'adin da ya dace, idan ya sake saɓawa sai mai saye ya warware ciniki a mayar masa da duk abin da ya biya. Birtaniya ma na da makamancin haka a dokarta ta 2015. Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, shi ya sa awa ɗaya da lauya ya duba maka takardar kafin ka tura ba asarar kuɗi ba ce. Abu ɗaya dai: kada ka rubuta wa'adin da ba ka shirya cikawa ba. Idan kwana 14 suka wuce ka ƙara wasu 14, ka koya musu cewa maganarka ba ta da haƙora.

Kana yin wannan, ka tuntuɓi sashen kula da abokan ciniki na kamfanin da ke ƙera motar, ko ofishinsu da ke kula da ƙasarka. Ba lallai su tilasta wa dila ya mayar maka da kuɗi ba, tunda shi kamfani ne daban, amma za su iya buɗe maka fayil su ba ka lambarsa, kuma in kana da lambar oda za su iya duba ko tana nan da gaske. Dila na jin kiran da ya fito daga sama fiye da kiran mai saye, saboda kasonsa na gaba da wani ɓangare na ladan da yake samu sun rataya ne a kan yadda kamfanin ke kallonsa, har da sakamakon tambayoyin gamsuwa da ake tura wa masu saye.

Bankinka ma na da rawar takawa idan da kati ka biya. Visa da Mastercard suna da tsarin dawo da kuɗi idan an biya ba a kawo kaya ba, amma da iyakar lokaci, galibi kwana 120, kuma a irin halinka ana ƙirgawa ne daga ranar da ya kamata a kawo kayan. In haka ne kusan kwana 60 sun riga sun tafi, don haka ka kira bankin a satin nan ka ji ranar da ƙofar za ta rufe, ko da ba ka yanke shawarar bi ta nan ba. Idan tura kuɗi ka yi daga asusu zuwa asusu, wannan hanya ba ta buɗe maka ba, sai hukumar kare haƙƙin masu saye ko kotu. Game da fallasa su a Facebook ko wuraren da ake ba kamfanoni maki, na san hannunka na ƙaiƙayi, amma ka bari tukuna. Makami ne da ake harbawa sau ɗaya. In ta kama dole daga baya, ka rubuta abin da ya faru kawai da ranakunsa, kada ka kira kowa ɓarawo, don kada mai bin haƙƙi ya koma wanda ake ƙara.

Tsoronka na biyu, komawa ƙarshen layi, gwaji ne zai warware shi. Cikin kwana 14 ɗin nan ka kira wasu diloli biyu ko uku na kamfanin, har da na nesa, ka yi musu tambaya ɗaya: kuna da gurbin da ba a ba kowa ba, kuma na wane wata ne? Gurbi na dila ne, don haka odarka ba kasafai ake iya ɗauke ta a kai wani wuri ba, sabuwa za ka yi. Amma sau da yawa wani ya janye a wani wurin, ko akwai wadda ke kan hanya ba ta da mai ita. Kada dai ka biya kafin-alƙalami na biyu sai na farko ya dawo, kuma wannan karon sai an rubuta lambar oda da sharaɗin mayar da kuɗi a jikin takardar. Akwai kuma wadda aka ɗan hau, mai shekara ɗaya ko biyu, wadda za ka gani da idonka ka tuƙa kafin ka biya. In ka karkata can, ka kai ta wurin makaniken da ya san irinta wanda ba na mai sayarwa ba. Tunda mai giyar hannu kake so, ka san cewa kwamfutar injin wasu motocin gudu, irin su Porsche, tana adana tarihin duk lokacin da inji ya wuce iyakar juyawarsa, abin da kan faru idan direba ya faɗa ƙaramar giya bisa kuskure yana tsakar gudu. A fitar maka da wannan rahoto. Ka duba lambobi huɗun ƙarshe na shedar da ke farawa da DOT a gefen taya, biyun farko sati ne, biyun ƙarshe shekara, su za su gaya maka shekarun tayar. Ka kuma tambayi ranar da garanti ya fara, don daga ranar da aka fara yi wa mota rajista ko miƙa ta yake ƙirgawa, har da wadda dila ya yi amfani da ita wajen gwaji.

Ban manta da maiɗakinka ba. Baiwar Allah nan shekara tara tana kallon kuɗi na tafiya gefe saboda motar da ko yara uku ba za ta ɗauka ba, kuma ban ga inda ka ce ta taɓa hana ka ba. Wannan ba ƙaramar kara ba ce. Da ta ce ka karɓo kuɗinka tun da sauran mutunci, ina jin ba motar take ƙi ba, mijinta take gani yana juyi a gado saboda wani ya ƙi ɗaga waya. Ka zaunar da ita ka nuna mata wasiƙar, ka faɗa mata ranar da wa'adin zai cika da abin da za ka yi idan ya cika, ka tambaye ta ko ta ga wani abin da ya kuɓuce maka. Idan ta san akwai rana, hankalinta zai kwanta, kai ma za ka sami mai tuna maka alkawarinka lokacin da son mota ya so ya rinjaye ka. Abokai kuwa kalma ɗaya ta ishe su: an sami jinkiri, ina bibiya. Ba ka yi abin kunya ba, kuma mai ƙaunarka a cikinsu ba zai ƙara tambaya da izgili ba.

Ga inda ni na tsaya. Idan suka fito da lambar oda, masu ƙerawa suka tabbatar da ita, aka kuma nuna maka satin ƙira, ka ci gaba da jira, domin wanda ya yi shekara tara ba wata biyu ne za su gagare shi ba, amma a mayar da kai hannun wani ma'aikacin. Idan kwana 14 suka cika babu lamba, ko aka ce ai gurbi na nan tafe ba tare da rana ba, ka karɓi kuɗinka ko da an zo da rarrashi da alkawarin ragi. A duk halin da ake ciki, kada ka ƙara ko sisi sai an ba ka lambar shasi a rubuce. Ranar karɓa kuma ka je da rana tsaka, ka gwada lambar da ke ƙasan gilashin gaba da ta jikin ƙofar direba da wadda ke kan takardu, ka bi zaɓinka ɗaya bayan ɗaya da takardar odar a hannu, duk abin da bai yi daidai ba a rubuta a sa hannu kafin ka cika kuɗi. Kuma kada ka ɗauka dole sai wurinsu za ka riƙa kai ta sabis. Garanti na kamfanin da ya ƙera ta ne, kowane dilansu da aka amince da shi a ƙasarka zai iya karɓarta. Ka rubuto mini bayan ka ga manajan, ka faɗa mini ko ya nuna maka lambar.